Kafin ka sayi gida a bakin tekun Ingila, bari hunturu ya same ka a garin

'Yan'uwanmu da yawa da suka shigo Ingila aikin jinya ko kula da tsofaffi ba a Landan ko Mancesta suke sauka ba. Ƙananan garuruwan gaɓar teku ma suna neman ma'aikata, domin nan tsofaffi suke komawa bayan ritaya. Mu ɗauki Great Yarmouth da ke Norfolk, da maƙwabtanta Gorleston, inda asibitin James Paget yake, da Lowestoft da ke kudu da su kaɗan. Wanda ya ga farashin gida a nan bayan ya ga na manyan birane, nan take ransa zai biya. Arahar gaskiya ce, amma tana da dalili, kuma dalilin ba ya fitowa a watan Yuli, lokacin da rana ta haska, baƙi suka cika titin bakin ruwa. Sai a Janairu yake fitowa.

Saboda haka ka fara da haya, ka yi aƙalla hunturu ɗaya cikakke. Doka ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya da ya wuce na mako biyar a irin hayar da yawancinmu muke kamawa, kuma dole ya saka su a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ka nemi shaidar haka a rubuce. A cikin wannan shekarar za ka san unguwar da ruwa yake kwanciya, da titin da iska ba ta barin kowa ya yi barci, da kuma ko aikin naka mai ɗorewa ne. Wannan na ƙarshe ya fi komai nauyi. Idan bizarka tana ɗaure da wurin aiki guda, garin kuma ba shi da wasu wurare da yawa masu ɗaukar nauyin biza, ranar da aikin ya tsaya ƙaura ce ta kama ka, gida kuwa a ƙaramin gari yakan daɗe bai sami mai saye ba. Ayyukan otal da shaguna da wuraren wasa su ma na lokaci ne: suna buɗewa wajen Ista, su lafa da shigowar Oktoba. Idan uwargida ko maigida da irin wannan aikin za a dogara, a yi lissafin gida da kuɗin hunturu, kada a yi shi da na lokacin baƙi.

Sai maganar ruwa, wadda kashi biyu ce, kuma mutane suna haɗa su. Akwai ambaliya, akwai zaizayar gaɓa. A ranar 5 ga Disamba 2013 teku ta tunzuro a gabashin Ingila, aka kwashe dubban mutane daga gidajensu a Great Yarmouth, ruwa ya shiga Lowestoft, a ƙauyen Hemsby kuma wasu gidaje suka rufta cikin teku a dare ɗaya. Ambaliya ana samun inshorarta. Akwai tsarin Flood Re da aka fara a 2016 don kamfanoni su iya ba gidajen da ke cikin haɗari inshora da sauƙi, amma bai shafi gidan da aka gina daga 1 ga Janairu 2009 ba, kuma an tsara zai ƙare a 2039, alhali bashin gidanka na shekara 25 zai wuce nan. Zaizaya kuwa inshorar gida ba ta biyanta, gwamnati ma ba ta biyan diyyar gidan da teku ta cinye. A Happisburgh da Hemsby akwai titunan da a da ake zaune a kansu, yau ruwa ne a wurin. Kafin ka je kallon gida, saka lambar unguwarsa a taswirar ambaliya ta gwamnati a intanet, kyauta ce. Sannan ka duba tsarin kula da gaɓar yankin: wasu wurare hukuma ta ce za ta ci gaba da gyara katangar teku, wasu ta ce za a bar teku ta yi abin da ta ga dama. Gida mai kyan gani a kan tudun rairayi, wanda aka rubuta cewa sai mai kuɗi a hannu, banki ne ya ƙi shi. Kai ma ka ƙi shi.

Ranar kallon gida, hancinka ya fara aiki tun daga ƙofa. Yawancin gidajen da suke da araha a waɗannan garuruwa tsofaffin jerin gidaje ne na zamanin Sarauniya Biktoriya, bangonsu bulo ne zalla, babu rami a tsakiya, iska kuma tana jifan sa da ruwan sama mai gishiri. Buɗe kabad ɗin da ke jingine da bangon waje, ka sa hannu a bayansa. Duba kusurwar silin ɗakin sama da ƙarƙashin taga: baƙaƙen ɗigo fumfuna ce. Fenti sabo fil a bango ɗaya tak abin tambaya ne. Fita waje ka ɗaga kai, ka ga indararo, da bututun hayaƙi, da ko ciyawa ta tsiro a rufi. Gishiri yana cin ƙarfe, don haka hinjin taga da ƙofar gareji da ƙusoshin rufi suna tsatsa da wuri. A gidajen da bangonsu biyu ne, ƙarafan da suke riƙe su idan suka yi tsatsa sai su kumbura, ka ga tsaga a kwance tana bin layin siminti. Tambayi shekarun tukunyar ɗumama gida, ka duba takardar ƙimar makamashi, daga A zuwa G. Gida mai E ko F zai cinye maka arahar a kuɗin gas. Kuma duk abin da idonka ya gani, ka biya ƙwararren mai duba gini ya rubuta maka rahoto, mataki na uku, wato mafi zurfin bincike, idan gidan tsoho ne. Ƙimar da banki yake yi don kansa yake yi, ba ya hawa rufi.

Abu biyu kuma a kiyaye. Gidajen katako da na tirela da ke filayen shaƙatawa suna da araha matuƙa, amma yawancinsu lasisin hutu gare su, ba a yarda su zama mazaunin dindindin ba, banki ma ba ya ba da bashi a kansu. Sannan tsofaffin gidajen baƙi da aka yayyanka zuwa fulat, a takardarsu za ka ga kalmar leasehold, wato shekaru ka saya, ginin da ƙasar na wani ne. Idan shekarun da suka rage sun kusa 80 ko sun gaza, sayarwa da samun bashi duk za su yi wuya, ga kuɗin gyaran gini na shekara-shekara, wanda a bakin teku ba ya kaɗan.

Wajen haraji ne 'yan'uwanmu suka fi faɗawa rami ba da saninsu ba. Mai sayen gidansa na farko ba ya biyan harajin saye a kan fam 300,000 na farko. Amma a dokar Ingila, mai sayen farko shi ne wanda bai taɓa mallakar gida ba a ko'ina a duniya, ko da gado ya ci. Gidanka na Kano ko Maraɗi yana cikin lissafi. Idan kuma har yanzu kana riƙe da gida a ƙasarku, kai ko matarka, wanda darajarsa ta kai fam 40,000, ana iya ɗora maka ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin gidan baki ɗaya. A gidan fam 160,000, mai sayen farko ba ya biyan ko sisi, wanda ya taɓa mallaka ya sayar zai biya fam 700, wanda ƙarin ya hau kansa kuma fam 8,700. Wanda bai yi kwana 183 a Birtaniya ba a cikin wata 12 kafin saye, akwai wani ƙarin kashi 2. Faɗa wa lauyanka gaskiya tun zaman farko. Asusun Lifetime ISA, inda gwamnati take ƙara kashi 25 a kan abin da ka tara har fam 4,000 a shekara, shi ma sharaɗin mai sayen farko yake bi.

Lauya da banki za su tambayi asalin kowane fam na kafin alƙalami. Kuɗin adashe da aka zuba hannu da hannu yana jawo jinkiri, don haka a riƙa yin zubi ta banki, a ajiye rubutaccen jerin 'yan adashen da ranakun kwasa. Idan Baba ko Yaya ne ya turo gudummawa daga gida, za a nemi wasiƙar cewa kyauta ce, da shaidarsa, da bayanan asusunsa. Wanda bai sami izinin zama na dindindin ba, bankuna sukan nemi kafin alƙalami mai kauri. Ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru mai izinin zama yana iya shiga rajistar masu zaɓe, kuma hakan yana taimaka wa tarihin bashinsa. Mai gudun kuɗin ruwa yana da mafita: Gatehouse Bank da StrideUp suna da tsarin da za ku mallaki gidan tare, kana biyan hayar kasonsu kana saye a hankali. Sau da yawa ya fi tsada a wata, kuma ba kowane lauya ne ya iya takardunsa ba, sai ka tambaya kafin ka ɗauke shi.

Daga karɓar tayi zuwa karɓar makulli akan yi wata uku zuwa huɗu. Kafin ranar musayar takardun yarjejeniya kowa yana iya janyewa, kuɗin lauya da na mai duba gini kuma sun tafi. Daga ranar musaya babu komawa baya, kuma daga ranar inshorar ginin take wuyanka, saboda haka ka nemi farashinta tun kafin ka sa hannu. Idan imel ya zo yana cewa lauya ya canza lambar asusu, kada ka tura komai sai ka kira ofishin da lambar da ka sani tun farko.

Zaman kansa sai an shirya masa. Nama na halal da kayan miyarmu sun fi samuwa a Norwich, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ƙasa, don haka firiza babba tana cikin kayan farko da za a saya. Lasisin tuƙin Najeriya wata 12 kawai yake aiki, motocin haya kuma suna ƙaranci da dare, mai aikin kwana ya fara neman lasisin nan da wuri. A Disamba magariba tana yi kafin ƙarfe huɗu, a Yuni sai bayan tara. Shanya a ɗaki da tagogi a rufe ita take kawo fumfuna: a buɗe taga minti goma kowace safiya ko da ana sanyi, a kunna fankar kicin lokacin girki, a sayi na'urar tsotse danshi. Tsuntsayen teku idan suka yi sheƙa a rufinka doka ta hana taɓa ta sai sun tashi, don haka a sa raga tun kafin Afrilu. Yara kuma su yi wanka tsakanin tutoci masu ja da rawaya kawai, inda masu ceto suke tsaye, idan wani abu ya faru a ruwa a kira 999 a nemi masu gadin gaɓa.