Yadda ake rubuta labarin binciken laifi, bisa tsarin Simenon

Labarin binciken laifi ba ya son jan ƙafa. Marubucin da ke ɗaukar aikin yau ya ajiye sai wata mai zuwa, ba ya daɗewa zare ya kuɓuce masa, har ya manta wa ya ce yana ina a daren da aka yi kisan. Georges Simenon, ɗan ƙasar Beljiyam da aka haifa a Liège a 1903, ya yi wa wannan matsala maganin da ya cancanci a kwaikwaya. Ya rubuta littattafai 75 a kan jami'in ɗan sanda Maigret tsakanin 1931 da 1972, kuma a ganiyarsa kwana 11 sun ishe shi kammala littafi. Ga yadda za ka bi sawunsa.

Da farko ka san wurin da kake magana a kai. Simenon yana matashi ya fara aikin jarida a Gazette de Liège, yana bin ofisoshin 'yan sanda yana kwaso rahoton ƙananan laifuffuka. Agatha Christie kuwa, marubuciyar labaran binciken laifi 'yar Ingila, ɗakin haɗa magani na asibiti ta yi aiki a garin Torquay lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa in ta sa guba a labari ba ta kame-kame. Kai ma ka je kotun majistare ka zauna a bencin baya. Ka saurari yadda mai gabatar da ƙara ke karanta tuhuma, yadda lauya ke neman beli, yadda dangin wanda ake tuhuma ke tsaye a bakin ƙofa da kular abinci, ba su san ko yau zai bi su gida ba. In a garinmu za ka kafa labarin, ka tuna cewa galibi ana binne mamaci a ranar da ya rasu. Mai bincikenka ba zai jingina da rahoton likita kamar na Turai ba. Wanda ya yi wa gawa wanka, da mai unguwa, da mai shayin bakin layi, su ne suka ga abin da za a gani.

Mataki na biyu shi ne ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafin Simenon ya rubuta kalma ɗaya, sai ya ɗauki babban ambulan ruwan ƙasa ya rubuta a bayansa sunayen mutanen labarin, waɗanda yake tsintowa daga kundin lambobin waya, da shekarunsu, da danginsu, da inda suke zaune. Da yawa daga cikin wannan ba ya shiga littafin. Amfaninsa shi ne marubuci ya san mutumin ciki da bai. Daga nan sai tambaya guda: me zai faru da wannan mutum har ya kai shi bango? Abin da zai faru a babi na gaba kuwa, Simenon kansa ya ce ba ya saninsa sai ya iso wurin. Ka yi irin wannan takarda. Kada ka tsaya a “ɗan kasuwa ne”. Wace kasuwa, wane layi, bashin wa ke kansa, wace ce a gidansa ba ta yi masa magana?

A nan hanya ta rabu biyu. Christie tana cika littattafan rubutu irin na 'yan makaranta da jerin waɗanda za a zarga da dalilin kowa, kuma an samu guda 73 bayan rasuwarta. In labarinka irin na wasa ƙwaƙwalwa ne, nata tsarin ya fi maka: ka yi jadawalin inda kowane mutum yake daga magariba zuwa asuba, ka manna a bango. In kuma abin da ya dame ka shi ne me ya sa mutumin kirki ya aikata ɓarna, ambulan ya isa. A ganina mai farawa ya haɗa biyun, don rubutu ba tare da sanin mai laifi ba sai wanda hannunsa ya faɗa.

Sai ka share kwanakin rubutu. Simenon yakan sa likita ya auna masa jini kafin ya fara, ya soke duk wata ganawa, ya rufe ƙofa, ya riƙa gama babi guda kullum. In rashin lafiya ta tsayar da shi kwana biyu, watsar da littafin yake yi gaba ɗaya. Wannan ya yi tsauri ga mai zuwa aiki ko mai raino, amma ana iya sassautawa: sa'a biyu bayan sallar asuba, waya a kashe, har a kai ƙarshe. Dokar Raymond Chandler, marubucin labaran binciken laifi na Amurka, za ta taimaka. Shi yakan ware aƙalla sa'a huɗu, ba dole ya yi rubutu ba, amma bai yarda ya taɓa wani aiki ba, ko da rubuta wasiƙa ne. Kuma kada ka fara sakin babi a WhatsApp kafin ka gama, don in ka gano a babi na tara cewa wuƙar ya kamata ta bayyana tun a na biyu, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Da ka gama, sai yanka. Colette, marubuciya 'yar Faransa, lokacin da take duba gajerun labarai a jaridar Le Matin, ta sha mayar wa Simenon da rubutunsa tana cewa adon ya yi yawa. Tun daga nan gyaransa kusan duk gogewa ne: siffofin da ba su da aiki, da duk jimlar da aka sa don a burge mai karatu. Ka yi haka, sannan ka ɗauki jan biro ka bi kowace hujja da mai bincikenka ya kafa a babin ƙarshe, ka nemo shafin da aka fara nuna ta. Wadda ba ka samu shafinta ba, ko ka koma ka dasa ta, ko ka cire ta daga bakinsa.