Darasi na Tara: Idan Mota Ta Yi Zafi, Daga Ina Za A Fara Dubawa?

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato kan haura digiri 40. A wannan lokaci ne za ka riƙa ganin tsofaffin Golf da Fijo a gefen hanyar Gusau ko ta Illela, an ɗaga bonet, tururi na tashi. Injin mota yana son ya yi aiki a wajen digiri 90. Abubuwan da ke tsare shi a nan su ne ruwa, da lagireto, da famfon ruwa, da tamostat ('yar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan ya yi zafi), da fanka. Ɗaya ya gaza, allurar zafi ta hau ja.

Da zarar ka ga allura ta doshi ja, ka sauka gefen hanya ka kashe mota. Kada ka ce bari in lallaɓa in kai Bodinga. Sannan, don Allah, kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Ruwan da ke ciki a matse yake, ya fi tafasasshen ruwan tukunya zafi, kuma fuska yake nufa idan ya sami hanya. Ka jira aƙalla minti 30, ka sa tsumma mai kauri, ka murɗa a hankali. Kada kuma ka kwarara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfen na iya tsagewa.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan darasi: yaushe motar ke yin zafi, a tsaye ko a guje?

Idan tana tafiya lafiya lau a kan babbar hanya, amma da ka shiga cunkoson bakin Babbar Kasuwa sai allura ta fara hawa, to fanka za ka tuhuma. Dalili kuwa, mota a guje iskar hanya ce ke sanyaya mata lagireto. A tsaye ba ta da mai yi mata fifita sai fanka.

Fanka iri biyu ce. Ta tsofaffin motoci irin su Fijo 504 fambel, wato bel ɗin roba da inji ke ja, shi ne ke juya ta. Ka kashe mota, ka danna fambel ɗin da babban yatsa. Idan ya lotsa da yawa, ko ya tsattsage, to santsi yake yi, kuma shi ne dai ke juya famfon ruwa. Ta biyu mai lantarki ce, kamar ta Golf. Wannan ba ta juyawa kullum, sai ruwa ya yi zafi sannan wani ɗan makunni ya tayar da ita. Ka kiyaye yatsunka da hannun rigarka, domin tana iya tashi ko da an zare makulli.

Idan fankarka mai lantarki ce, ka bar motar tana aiki a tsaye, kana kallon allura. Idan ta wuce tsakiya fanka ba ta motsa ba, ka kashe ka fara da abu mafi arha, wato fiyus. Zare shi ka ɗaga a haske, idan zaren cikinsa ya tsinke ka sa wani mai lamba ɗaya da shi. Masu naɗa waya a madadin fiyus wuta suke gayyata. Idan fiyus lafiya yake, mai wayarin zai ja waya biyu daga batir kai tsaye zuwa fanka. Ta juya? To ita ƙalau take, laifin na rile ne (ɗan akwatin da ke sakar wa fanka wutar batir), ko makunnin, ko wata waya da ta ci tsatsa. Ba ta juya ba? Ɗan injin lantarkin da ke juya fankar ne ya mutu. Wannan gwajin na minti biyar ne, amma yana hana mutum sayen abin da bai lalace ba.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Bayan gyara, akan juya wayoyin fanka, sai ta riƙa tura iska gaba maimakon ta jawo ta zuwa inji. Ka manna takarda a gaban lagireto. Idan an tsotse ta, daidai ne. Idan an ture ta, a koma a juya waya.

To idan a guje take zafi fa, musamman da lodi? Nan ruwa ne ba ya zagayawa, ko iska ba ta ratsawa. Ƙurar hunturu da ƙwari da leda kan toshe fuskar lagireto, sai a wanke daga ɓangaren inji zuwa waje. Ruwan rijiya kuma yana barin dasƙararren datti da tsatsa a ciki, shi ya sa ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan ya fi. Ka taɓa tiyo na sama da na ƙasa a hankali. Idan ɗaya na ƙuna ɗayan kuma da sanyi, mai yiwuwa tamostat ya maƙale. Ana gwada shi a tafasasshen ruwa: mai lafiya zai buɗe.

Makanikai da yawa za su ce, "Alhaji, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, ƙasarmu ba ta sanyi." Ni ban goyi bayan haka ba. Inji zai daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, ya ƙara shan mai, fankar kuma ta gaji da wuri. Ainihin ciwon yana nan an rufe shi kawai.

Idan kullum sai ka ƙara ruwa, akwai yoyo. Duba ƙasan mota da safe, da bakin kowane tiyo, da robar murfin lagireto. Idan babu ɗigo a waje, zaro sandar awon baƙin mai. Ka ga ya koma kamar shayi mai madara, ko farin hayaƙi na fita ta salansa ba ya yankewa, ko ruwan lagireto na kumfa? Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Kada ka sake tayar da motar, a jawo ta zuwa gareji.

Aikin gida: gobe da safe, kafin a tayar da mota, ka buɗe bonet ka nuna wa wani ɗan ajinku lagireto da fanka da akwatin fiyus, sannan ka rubuta sunayensu a littafinka tare da lambar da ke jikin fiyus ɗin fanka.