Shawara ga mai sabuwar saniyar tatsa

'Yan uwa, in kun sayi karsana mai ciki, ku riƙa shafa mata hantsa a turkenta tun kafin ta haihu. Ni ban yi wa saniya irin Azawak da na kawo gidana nan Maradi haka ba, ranar farko ta shure ƙwaryar, madara ta bi ƙasa.

Dakashin kwanakin farko na maraƙi ne, don Allah ku bar masa. Daga baya shi zai fara tsotsa har nono ya sauko, sannan a ɗaure shi kusa da ita, tana lasarsa. A wanke hantsar da ruwan ɗumi, a zuba mata dusa da 'yar kanwa, a tatsa safe da yamma, kada a doke ta. Madarar kuma a tafasa kafin yara su sha.