Yadda Ake Haɗa Shafukan Kundin Kan Sarki a Gida da Yadda Ake Adana Su

Mai tara kan sarki a Katsina zai iya haɗa shafukan kundinsa da kansa, muddin ya sami takarda mai kauri, girman A4, wadda ba ta da sinadarin asid, domin takarda mai araha takan yi ja bayan shekaru, ta bar tabo a bayan kan sarkin.

A fara da tsara su bisa zamani. Na Arewacin Najeriya da aka fara fitarwa a 1900 su sami shafinsu, na bayan haɗewar Arewa da Kudu a 1914 su biyo baya, sannan a raba masu farashin sule da masu farashin naira, wato kafin 1973 da bayanta. A auna kowanne da rula, a zana masa akwati da fensir wanda ya ɗara shi da milimita biyu ta kowane gefe, a rubuta shekararsa a ƙasa.

Kada a kusantar da gam ko salatif, ko kaɗan. Ana manna wanda aka riga aka buga wa hatimi ta hanyar amfani da siririyar takardar maƙalawa da ake yi musamman domin kan sarki, sabo kuwa a saka shi cikin aljihun leda marar PVC (wani nau'in roba), kuma da hantsaki ake ɗaukarsa, saboda maiƙon yatsa.

A ajiye kundin a tsaye cikin kabad, nesa da bango da rana. Ƙurar hunturu ana kare ta da kwali mai murfi, amma laimar watan Agusta ta fi haɗari, domin tana narkar da danƙon bayan kan sarki, tana kuma jawo gara.