Filtar mai: yaushe ake canza ta, kuma yaushe za a iya barin ta a jikin inji

Duk wanda ya saba kai mota gareji domin juyen mai ya san tambayar da bakanike kan yi da zarar baƙin mai ya fara zuba a cikin roba: "Yallaɓai, a sa sabuwar filta ko a bar wannan?" Yawancin masu mota kan amsa ne gwargwadon abin da ya rage musu a aljihu, wasu kuma su sa a goge gwangwanin filtar da tsumma, su dube shi, idan bai lotse ba su ce a mayar. Matsalar ita ce filta ba ta nuna gajiyarta daga waje, kuma ko ta daina aiki ɗungurungum mota za ta ci gaba da tashi tana tafiya kamar babu abin da ya faru. Saboda haka ba da ido ake yanke wannan hukunci ba, sai an san abin da ke gudana a cikinta.

Famfon mai yana zuƙo mai daga kaskon da ke ƙasan inji, ya tura shi ta cikin filta kafin ya isa ga karanshaf da sauran ƙarafan da ke gogar juna. A cikin gwangwanin akwai wata takarda mai kauri da aka naɗe ninki-ninki, wadda ke tare ƙura da ɓurɓushin ƙarfe da baƙin dattin da ƙonewar fetur ke bari. Abin da take kamawa ƙanana ne ƙwarai, galibi tsakanin maikiron 20 zuwa 40 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin silin gashin kai ya kai kusan maikiron 70. Dattin ba a saman takardar kaɗai yake zama ba, yana nutsewa ne cikin zarenta, kuma kullum ƙofofin da mai ke bi suna ƙara tsukewa.

Masu ƙera inji sun san cewa gara inji ya sha mai mai datti da ya rasa mai gaba ɗaya, domin rashin mai na 'yan mintoci ya isa ya sa inji ya buga. Don haka suka sa wani bawul na ko-ta-kwana, ko dai a cikin filtar ko a mazauninta, wanda ke buɗewa idan takarda ta toshe har mai ya kasa ratsa ta da sauri. Da zarar ya buɗe, mai zai kewaye takardar ya tafi kai tsaye cikin inji ba tare da an tace shi ba. Babu fitilar da ke kamawa a gaban direba domin ta sanar da shi, babu kuma ƙarar da zai ji. Illar sai bayan watanni take fitowa, lokacin da inji ya fara shan mai ko fitar da hayaƙi, a lokacin kuwa da wuya wani ya tuna da filtar da aka ƙi canzawa.

Akwai kuma wata roba a bayan ƙananan ramukan da ke kewaye da bakin filta, wadda aikinta shi ne hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota. Zafi yana busar da ita ta yi tauri, musamman baƙar roba ta filta mai araha; wadda aka yi da silikon, mai launin ja ko ruwan lemo a mafi yawan lokuta, ta fi jurewa. Idan ta daina riƙe mai, za a lura cewa da safe fitilar mai tana daɗewa kafin ta mutu, inji kuma ya yi 'yar ƙarar ƙwas-ƙwas na daƙiƙoƙi kafin ya daidaita. Wannan ita ce kusan alama ɗaya tak da tsohuwar filta ke bayarwa.

Masu cewa a bar filta har juye na biyu ba su rasa hujja ba. Kamfanin Honda, a motocinsa masu nuna lokacin sabis a allon gaban direba, yana amfani da harafin A da B: idan A ya fito mai kaɗai ake canzawa, idan B ya fito a canza mai da filta tare. Toyota kuwa yana haɗa su biyun a kowane juye. Amma littattafan sabis da kamfanonin ke bayarwa tare da mota suna da wani sashe da mutane ba su cika karantawa ba, wanda ke rage tazarar sabis ga motar da ke aiki a mawuyacin yanayi, wato hanya mai ƙura, gajerun tafiye-tafiye, daɗewa a cunkoso inji yana aiki mota na tsaye, da ɗaukar kaya masu nauyi. Wanda ke tuƙi a Kano ko Maraɗi ko Maiduguri a watannin hunturu, ko direban haya da ke wuni tsakanin tasha da tasha, ya cika kusan duk waɗannan sharuɗɗa. A ganina, ga irin hanyoyinmu, ƙa'idar da ta fi dacewa ita ce a canza filta duk lokacin da aka yi juye. Kuɗinta kaɗan ne idan aka kwatanta da na galan ɗin mai, balle na sauke inji. Ban da haka, tsohuwar filta tana riƙe da tsohon mai, daga kofi guda zuwa kusan rabin lita gwargwadon girmanta, kuma wannan zai gauraye da sabon man da aka zuba a injin da duka-duka lita huɗu yake ci.

A nan yana da kyau masu motocin da aka shigo da su daga Amurka su kula, domin agogon tafiyarsu da mil yake ƙirga, ba da kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka wanda aka ce ya dawo bayan kilomita 5,000 amma ya jira agogo ya ƙara 5,000, ya riga ya yi kilomita 8,000 da filta ɗaya.

Duk da haka akwai lokutan da barin filta ba laifi ba ne. Idan ba a daɗe da sa ta ba, sai aka sauke mai domin gyaran yoyo a kaskon ƙasa, ko aka gano an zuba man da kaurinsa bai dace da injin ba aka juye shi bayan 'yan kwanaki, filtar tana da sauran aiki a gabanta. Haka nan idan filta ce mai inganci wadda aka yi da zaren roba domin doguwar tazara, mai motar kuma yana juye da wuri, tana iya kaiwa juye na biyu. Sharaɗin shi ne a bar ta a ɗaure yadda take. Idan an kwance ta, robar bakinta ta riga ta danne ta ɗauki siffar mazauninta, kuma ba lallai ta sake kamawa da kyau ba. Sai kuma halin tafiya, inda ba a sami filta ta gaskiya ba sai wadda ake shakka a kanta: tsohuwa mai asali ta fi sabuwa ta jabu, sai a bar ta a canza idan an isa gari. Wannan abu ne mai sauƙi, domin ana iya canza filta ba tare da an sauke mai ba. Idan inji yana a kashe, man yana kwance a ƙasa, abin da zai zube kaɗan ne, sai a cika da sabo.

Inda babu zaɓi kuwa shi ne idan ruwa ya shiga mai, ko ta dalilin ƙonewar gasket ko mota ta faɗa ambaliya, har man ya koma kamar shayi da madara. Ruwa yana kumbura takarda ya raunana ta. Haka kuma idan an yi wa inji aiki an sa sabon ringi, ko an ga ƙyallin ƙarfe a cikin man da aka sauke, ko gwangwanin ya lotse ko ya yi tsatsa, ko kuma an sayi mota ta hannu wadda ba a san tarihin sabis ɗinta ba.

Wanke filta da fetur a mayar da ita al'ada ce da ya kamata a bari. Wataƙila ta samo asali ne daga ƙananan babura, waɗanda da yawansu ke da 'yar ragar ƙarfe da aka yi ta domin a riƙa wankewa. Filtar mota ta takarda ba haka take ba: fetur ba ya fitar da dattin da ya nutse a cikin zare, yana iya kwaso na waje ya kai shi ɓangaren da mai mai tsabta ke fita, kuma ragowarsa yana tsinka sabon mai.

Wajen saye, a ɗauki lambar filtar da ta dace da injin, ba wadda bakinta ya shiga kawai ba, domin filtoci biyu suna iya zama iri ɗaya a ido amma ƙarfin da bawul ɗinsu ke buɗewa ya bambanta. A duba zaren bakinta da ake murɗawa ko yana da santsi babu ɓurɓushin ƙarfe, a leƙa ramukan a ga robar, a kuma yi hattara da wadda ba ta da nauyi a hannu ko rubutun jikinta ya dusashe.

Wajen ɗaurawa, bayan an kwance tsohuwar, abu na farko shi ne a tabbatar robar bakinta ta fito tare da ita. Takan manne a jikin inji, kuma idan aka ɗora sabuwa a kanta, robobi biyu ba sa riƙe matsin mai, ɗaya za ta fice mai ya tsiyaye a kan hanya cikin ɗan lokaci. A goge mazaunin da tsumma mai tsabta, a shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar da yatsa, a murɗa ta da hannu har robar ta taɓa ƙarfe, sannan a ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya, ko abin da aka rubuta a jikinta. Sifanar filta ta kwancewa ce, ba ta ɗaurewa ba. Motocin da ke amfani da filta marar gwangwani, kamar Toyota Camry da Corolla na wasu shekaru da yawancin motocin Jamus, takardar kaɗai ake canzawa a cikin murfi, kuma sabuwar tana zuwa da zoben roba a kwalinta. Wasu yaran gareji kan jefar da zoben su bar tsohon, don haka mai mota ya tsaya ya ga an sa shi a daidai kwarminsa.

Bayan an zuba mai, a tada inji ba tare da taka totur ba, a jira fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi, a bar shi ya yi minti biyu ko uku ana duba kewayen filtar ko akwai ɗigo. Sannan a kashe, a dakata kamar minti biyar man ya sauka, a zaro geji a duba, domin sabuwar filta ta sha nata kason kuma sau da yawa sai an ƙara kaɗan. A rubuta kwanan wata da adadin kilomita a jikin gwangwanin da alƙalamin da ba ya gogewa, tsohuwar kuma a kife ta a cikin robar baƙin mai ta tsane, kada a jefa ta a kwata da man a cikinta.