Yadda za ka kula da wanda aka sallamo bayan korona mai tsanani don kada a sake kwantar da shi

Abin da nake yawan gani wajen masu jinya shi ne da zarar likita ya ce an sallame ku sai a saki jiki, a ɗauka magana ta ƙare. Toh ba ta ƙare ba fa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta bi bayanan mutum sama da 100,000 da aka sallama a 2020, kashi 9 cikin 100 sun sake komawa gadon asibiti kafin wata 2, kusan rabinsu ma ba su wuce kwana 8 a gida ba. Saboda haka kwana goman farko nan ne aikin yake.

Na farko, ka san ko mara lafiyarka yana cikin waɗanda aka fi mayarwa: wanda ya kai shekara 65, mai ciwon suga, mai raunin zuciya, mai ciwon ƙoda, mai tsohon ciwon huhu irin COPD, ko wanda dama ya kwanta asibiti cikin wata 3 kafin koronar. Sau da yawa ba ita koronar ce ke mayar da mutum ba, tsohon ciwon ne ke tashi ganin jiki ya yi laushi.

Na biyu, kada ku fita sai an rubuta muku wane magani zai ci gaba da shi, wanne aka tsayar, har zuwa yaushe. In an ba shi dexamethasone, wani maganin rage kumburi, ka sani yana ɗaga suga sosai, mai ciwon suga dole a riƙa auna shi kullum.

Na uku kuma a nan aka fi yin sakaci, na'urar auna oksijin ɗin nan da ake maƙalawa a yatsa. Ni a wajena dole ce, ko mai arha ce ka saya, ta fi agogon hannu da manhajar waya nesa ba kusa ba. Amma a iya amfani da ita. Ya zauna ya huta kamar minti 5, hannun da ɗumi, a goge jan farce in akwai, a ɗora hannun a ƙirji kada ya motsa, sannan ka jira lambar ta daina tsalle-tsalle ta tsaya waje guda, ba ta farko da ta fito za ka ɗauka ba. Ka rubuta a takarda safe, rana da dare, wani lokacin ma a auna bayan ya ɗan taka a cikin ɗaki. In ta tsaya a 92 ko ƙasa da haka asibiti kawai, ko da yana ce maka shi ras yake ji, don korona na iya sauke oksijin mutum bai ma ji haki ba. Mai COPD lambarsa daban ce, likita zai faɗa muku. Sannan dan Allah ka riƙe wannan, a fata mai duhu na'urar kan nuna sama da gaskiyar abin da ke jini, don haka in ta ce 95 amma kana ganin mutum yana haki, ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko ya fara rikicewa, ka yarda da idonka.

Na huɗu, daskarewar jini. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ciwon ƙirji farat ɗaya, tari da jini, duk ba abin jira sai gobe ba ne. Ya riƙa tashi yana ɗan zagayawa, kwanciya wuni guda na ƙara haɗarin. In an ba shi maganin tsinka jini kada ya tsallake, in ba a ba shi ba kada ku fara asfirin da kanku.

Sauran kuma, a koma ganin likita ranar da aka sa ko da ya ji sauƙi, sigari a ajiye ta, aiki mai nauyi a bi a hankali, in kun je ku tambayi lokacin da ya dace ya yi rigakafi.