Gane wanda ya ƙera tsohuwar tankar mai: inda ake yawan yin kuskure

Kuskuren farko yana cikin tambayar kanta, wato "wane kamfani ne ya ƙera wannan tankar?" Tankar mai ba kamfani ɗaya ke ƙera ta ba. Mai kai da shasi daban, mai tanki daban, wani lokaci injin ma na wani ne. Idan ka ga Fruehauf ko Trailor a ƙaramin farantin da ke jikin tanki, ka san mai tankin ne kawai, ba ka san mai motar ba tukuna. A tirela abin ya fi rikici, domin tanki guda yakan ga kawuna uku ko huɗu kafin ya tsufa.

Fenti kuma bai faɗin komai. Shell, Esso, Mobil, Agip, BP, duk masu mai ne, ba su taɓa ƙera mota ba. Amfaninsa ɗaya shi ne kintatar zamani: in ka kankare AP ka tarar da BP a ƙasa, tankin ya riga shekarar 1979, lokacin da gwamnatin Najeriya ta karɓe BP, aka sauya masa suna zuwa AP.

Inda ko tsofaffin direbobi ke faɗawa shi ne dogaro da fuskar mota. Mai gajeren hancin nan ta Mercedes, wadda kowa ke kira 911, an fara ta a 1959, kuma ba a Jamus kaɗai aka yi ta ba. Tata ta Indiya ta ƙera motocin Mercedes da lasisi, ta ci gaba da fitar da masu kama da su bayan yarjejeniyar ta ƙare a 1969. Sunan 911 ɗin ma ba na kowace ba ne: tan 9 da ƙarfin doki 110 yake nufi, 1113 kuwa tan 11 da doki 130, alhali fuskarsu kusan ɗaya ce. Haka a shekarun 1970 Volvo da DAF da Saviem da Magirus suka haɗu suka yi kai iri ɗaya, kowa ya manna tambarinsa. Tambari kuwa kusoshi biyu ne ke riƙe da shi, kowane mai gyaran bodi zai iya sauya shi kafin la'asar.

Mafita ita ce lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen, ba wadda ke kan faranti ko takarda ba. A motocin Turai galibi tana gefen dama, kusa da tayar gaba. A jiƙa wurin da kalanzir, a goge da burushin waya a hankali, a shafa alli, sannan a share saman da tsumma, sai allin ya zauna cikin ramin lambobin. Haska tocila daga gefe, kada ka haska ta kai tsaye. Kada a kuskura a sa injin gurza ƙarfe: yana cinye lambar, kuma tartsatsi kusa da tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ganganci ne, ko da ya shekara goma a bushe.

In lambar ta kai guda 17, ukun farko su ne mai mota: WDB Mercedes, WMA MAN, XLR DAF, ZCF Iveco, VF6 Renault. Babu harafin I ko O ko Q a wannan tsarin, don haka abin da ka ɗauka O ne, sifili ne. Amma tsarin bai kankama ba sai wajen 1981. Motar da ta girme shi lambarta gajera ce, kuma hakan ba alamar sata ba ce.

Akwai kuma masu rikita wanda ya ƙera da wanda ya harhaɗa. A da, kamfanin ANAMMCO a Enugu Mercedes yake harhaɗawa, NTM a Kano Fiat, ga Steyr a Bauchi da Leyland a Ibadan. Sunaye ma sun sauya: Fiat da Magirus sun shiga Iveco a 1975, Berliet ɗin da aka sani a hanyoyin Nijar ta narke cikin Renault a 1978.

Injin shaida ne mai rauni, domin shi aka fi sauyawa. Sai dai in ka buɗe gaba ka ga babu lagireto kuma babu gurbinsa, injin mai sanyaya da iska ne, ka fara bincike ta wajen Magirus-Deutz. Sitiyari a dama kuma yakan nuna motar da ta shigo Najeriya kafin a sauya hannun tuƙi a 1972, wato zamanin su Bedford da Austin. A nan ma a duba allon gaba da kyau, ko akwai tabon walda inda aka sauya wa sitiyarin wuri.